Baƙo da Asibiti: Neman Magani Mai Inganci da Sauƙin Kuɗi a Ƙasar Wasu

Laccar da aka gabatar a Ƙanƙara, a gaban jama'ar ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa



Iyayenmu hakimai da magaddai da masu unguwanni, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu da limamanmu, Allah ya gafarta muku, ya ƙara muku lafiya. Iyayenmu mata, sannunku da fitowa. Abokan aikina ma'aikatan lafiya, da matasan da suka yi ɗawainiyar haɗa wannan zama, Allah ya saka da alheri. Gaisuwa ta musamman ga waɗanda suka taso daga Sabuwa da Faskari, domin a wannan zamani ba a hawa hanyoyinmu sai da shawara da addu'a. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

An nemi in yi magana a kan yadda mutumin da ke zaune a ƙasar da ba tasa ba zai zaɓi asibitin da zai ba shi magani mai kyau ba tare da ya talauta ba. Wataƙila wani ya ce a ransa: mu da muke fama da namu asibitocin, mu da mai naƙuda take kwana a gida saboda ba a iya fita da ita da dare, ina ruwanmu da na ƙasashen waje? Tambaya ce mai kyau. Amma ku duba gidajenku. Wane gida ne a Ƙetare ko 'Yankara ko Damari da ba shi da wani a waje? Wannan yana ci-rani a Agadas ko Aljeriya, wancan yana zangon Kumasi, wata tana aikatau a Jidda, wani yana karatu a Alƙahira. Tun daga 2019 dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka jihar Maraɗi don tsira da rayukansu. Ga alhazai duk shekara, ga kuma masu sayar da gona su kai mahaifi Indiya ko Masar neman lafiya. Idan ɗaya daga cikinsu ya kwanta, wayar wa ake bugowa? Kuɗin wa ake turawa? Namu ne, mu na gida. To, ashe maganar tamu ce.

Na ɗaya: a nemi asibiti tun ana da lafiya.

Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Idan kuwa ciwo ya haɗu da baƙunta, makantar ninkuwa take yi. Mai zazzaɓi mai zafi da tsakar dare ba ya zaɓe. Duk ƙofar da mai tasi ya tsaya a gabanta, nan zai shiga, duk abin da aka ce ya biya, shi zai biya. Shi ya sa nake roƙon duk mai tafiya, a makonsa na farko, kamar yadda yake tambayar masallacin Juma'a da kasuwa, ya tambayi asibiti. Ya tambayi mai masaukinsa, ya tambayi sarkin zango ko shugaban 'yan Najeriya na garin. Kuma kada ya tsaya a kan "ina ne asibiti mai kyau?" domin kowa zai faɗi wanda ya sani. Ya ce: da ɗanka ya yi rashin lafiya, ina ka kai shi? Nawa ka kashe? Ya warke, ko sai da kuka sake wuri? Idan mutum uku da ba su san juna ba suka nuna maka ƙofa ɗaya, ka je ka gan ta da idonka.

Sannan ka san matakan asibitocin ƙasar. A nan gida mun san namu: daga ƙaramin asibitin gari sai babban asibitin Ƙanƙara ko Funtuwa ko Malumfashi, in abin ya gagara sai asibitin Shika ko asibitin koyarwa na tarayya a Katsina. Nijar ma haka take. Akwai ɗakin shan magani na ƙauye, akwai cibiyar da suke kira CSI, akwai asibitin gunduma irin na Madarumfa da Gidan Rumji, sannan manyan asibitocin cikin Maraɗi. Wanda ya fara daga ƙasa kuɗinsa kaɗan ne, kuma takardar turawa da za a ba shi ita ce za ta buɗe masa ƙofar sama. Wanda ya tsallake ya faɗa asibitin kuɗi saboda ciwon kai, ya sayi abin da zai samu a kusan kyauta.

Akwai kuma asibitocin da ba riba suke nema ba, kuma baƙo ya fi kowa buƙatar saninsu. Asibitin Galmi, tsakanin Birnin Ƙonni da Madawa, 'yan mishan na SIM suka kafa shi a 1950, har yau mutanen ƙasashen biyu suna zuwa tiyata can. A Danja ta kusa da Maraɗi, ba tamu ta wajen Bakori ba, akwai asibitin kuturta da cibiyar aikin yoyon fitsari. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta daɗe tana jinyar yara masu tamowa kyauta a Madarumfa da Ɗan Isa, kuma da yawa daga cikin yaran daga wannan ɓangare na iyaka ake kai su. A Ghana akwai asibitin koyarwa na Komfo Anokye a Kumasi da na Korle Bu a Ankara. Sunayen nan ya kamata su kasance a bakin ɗanmu tun kafin ya buƙace su.

Na biyu: ka san abin da takardunka suka ba ka.

Da yawa daga cikin mutanenmu suna biyan kuɗin da ba a kansu yake ba, saboda ba wanda ya gaya musu. A Saudiyya, doka ta ɗora wa mai kamfani ya yi wa ma'aikacinsa baƙo inshorar lafiya. Ma'aikaci nawa ne ya taɓa tambayar kafilinsa sunan kamfanin inshorar da asibitocin da ke karɓarta? Bizar umara ma tana tafe da inshora a cikinta. Alhazai kuwa ana duba su kyauta a asibitocin gwamnati lokacin aikin hajji, ga kuma likitocin hukumar alhazai ta ƙasa a Makka da Madina. Lambar motar asibiti a can ita ce 997. A rubuta wa kowane alhaji ita a bayan katinsa.

A Ghana tsarin inshorar lafiya na ƙasa yana nan tun 2003, kuma baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida yana iya yin rajista. A Ingila, mai bizar aiki yana biyan fam 1,035 na lafiya duk shekara tun a wajen neman biza, ɗalibi kuma fam 776. Wannan kuɗi ya riga ya ba shi damar zuwa asibitin gwamnati, saura kawai ya yi rajista da likitan unguwa da zarar ya sauka. A Nijar tun 2006 aka mai da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 da tiyatar haihuwa kyauta, a 2024 kuma gwamnati ta rage kuɗin asibitocinta da rabi. Kai baƙo, ka je tagar biyan kuɗi ka tambayi abin da ya shafe ka a ciki. Matambayi ba ya ɓata.

Yanzu bari in taɓo wurin da ke yi mini ciwo. Akwai 'yan uwanmu da ba su da takarda. Biza ta ƙare, ko sun shiga ta ɓarauniyar hanya, suna zaune a ɓoye. Irin wannan mutum in ya kwanta, tsoron kamu yakan fi masa tsoron ciwo. Sai ya aika a sayo masa magani a kemis, ko a kira wani da ya taɓa aiki a asibiti ya zo ɗaki ya ɗaura masa ruwa. Mace ta yi kwana biyu tana naƙuda a bayan ƙofa a kulle, 'yan uwanta suna toshe mata baki kada maƙwabta su ji. A hajjin 2024, da zafi ya haura digiri 51 a Makka, hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu, kuma kashi 83 cikin ɗari nasu waɗanda suka je ba da izinin aikin hajji ba ne. Ba su da tanti mai sanyi, ba su da mota, ba su da wanda zai kai su gaban likita da wuri. Ba zan yaudare ku in ce marar takarda ba ya cikin haɗari in ya fito ba. Amma iyayena, ku gaya wa 'ya'yanku: zubar jini, da naƙudar da ta daɗe, da numfashi sama-sama, da suma, ba a jinyarsu a ɗaki. Wanda aka koro gida da ransa za mu tare shi a tasha mu yi murna. Wa ya taɓa yin murna da saƙon rasuwa?

Na uku: yaya ake gane asibiti mai inganci?

Ba da tayil ba, ba da na'urar sanyaya ɗaki ba, ba da faɗin allon da ke ƙofa ba. Farko ka nemi lasisi. Kowace ƙasa tana da hukumar da ke ba asibiti izini ko shaidar inganci: a Ghana HeFRA, a Saudiyya CBAHI, a Indiya NABH. Asibitin ƙwarai yakan rataye takardarsa inda kowa zai gani, kuma likitansa ba ya jin haushi don an tambayi sunansa da fanninsa. Wanda ya ɓata rai saboda wannan tambaya ya riga ya ba ka amsa.

Bayan takarda sai ido. Ka zauna a benci na ɗan lokaci kamar mai jiran wani, ka lura. Da nas za ta yi wa yaro allura, a gaban uwarsa ta yage ledar sirinjin, ko daga cikin tasa ta ɗauko shi a buɗe? Da ta gama, cikin akwatin da aka tanada ta jefa allurar, ko a kan tebur ta ajiye? Akwai ruwa da sabulu kusa da inda ake duba mutane? Ka leƙa banɗaki. Ka duba ko ana buɗe wa kowa kati, ana auna jininsa da zafin jikinsa kafin ya shiga. Ka ga minti nawa mutum yake yi a gaban likita, kuma in ya fito ka tambaye shi: an gaya maka abin da ke damunka? Idan mutane suna fitowa da leda cike da magani amma ba wanda ya san sunan ciwonsa, tashi ka kama gabanka.

A nan sai mun faɗa wa kanmu gaskiya game da ƙarin ruwa. Mutanenmu in ba a ɗaura musu ruwa an yi musu allura ba, gani suke yi ba a duba su ba. Masu neman kuɗi sun gane wannan sarai, a gida da waje. Ruwa magani ne ga wanda jikinsa ya bushe da amai da gudawa, ko wanda ba ya iya haɗiya. Ga wanda yake ci yake sha, yawanci kuɗin gado ne kawai. Likitan da ya ɗiga jinin yatsanka a kan ɗan abin gwajin maleriya, ya jira minti 20, ya ce maka babu, je ka sha ruwa ka huta ka dawo jibi in zazzaɓin bai sauka ba, wannan ya fi ƙaunarka a kan wanda ya ce maleriya da taifod ne tun kafin ka gama zama.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: a ƙasashen da ba su da maleriya sosai, kamar Ingila ko Masar, likita yana iya mantawa da ita. In ka yi zazzaɓi bayan ka zo daga gida, kai za ka fara cewa daga Najeriya nake, a gwada ni. Mai sikila ma ya faɗa tun a ƙofa.

Babbar alama a wurina ita ce asibiti ya san iyakarsa. Ka tambaye su kai tsaye: in ciwo ya fi ƙarfinku, ina kuke turawa? Kuna da mota? In ana buƙatar jini da dare, daga ina? Wanda ya ce komai muna yi, daga cire haƙori har aikin zuciya, alhali ɗakunansa huɗu, ka ji tsoronsa.

Na huɗu: kuɗi, da mutumin da ke tsaye tsakaninka da likita.

An ce araha ba ta ado. Gaskiya ne, amma tsada ma ba shaidar kyau ba ce. Kuɗin ganin likita shi ne mafi ƙanƙanta a jinya. Abin da ke cinye dukiya shi ne gwaje-gwaje da hoto da gado da magani da komawa, da abinci da masaukin mai jinya. Saboda haka kafin a fara komai, in ba gaggawa ba, ka ce a rubuta maka jimilla a takarda mai hatimi: me ke ciki, me ba ya ciki, in kwana ya ƙaru nawa ne na kowane dare. A rubuta da lamba. A Nijar ana lissafi da dala, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce, mutumin da ya saba da naira yana iya amincewa da farashin da bai fahimta ba. Kuma duk abin da ka biya, ka biya a tagar asibiti ka karɓi rasit.

Masu zuwa Indiya da Masar jinya, ku ba ni kunnenku. Kowa a nan ya san kasuwar Sheme. In za ka sayi sa, ka san dillali, ka san la'adarsa, ana yanke ta a fili kowa yana gani, ba a ɓoye ta a cikin cikin san. To, a harkar asibitin waje ma akwai dillalai, sai dai tasu la'adar a ɓoye take. Ga yadda abin yake tafiya. Wani zai ba ku lambar mai Hausa a can. Zai ce ku turo sakamakon gwaji ta WhatsApp, kwana biyu ya dawo da farashi mai daɗi. Zai tare ku a filin jirgi, ya kama muku masauki, ya canza muku kuɗi, ya zama bakinku a gaban likita. Ku kuna ganin ɗan uwa ne Allah ya haɗa ku da shi. Abin da bai faɗa ba shi ne asibitin da ya fi ba shi kaso ya kai ku, kuma kason yana cikin takardar kuɗinku. Bayan mako guda sai a ce an gano wani abu, sai an ƙara. Majinyaci yana kan gado, ba halin ja da baya. Sai waya ta zo gida: a sayar da ɗaya gonar.

Ba duka ne macuta ba. Akwai masu tsoron Allah a cikinsu, kuma baƙon da ba ya jin harshe yana buƙatar jagora. Amma ka tambaye shi ƙiri-ƙiri: wa ke biyan ka, nawa? Ka rubuta wa asibitin da kanka, ko ɗanka mai ilimi ya rubuta, ka nemi farashi daga wurare biyu ko uku, kuma kuɗi ya shiga asusun asibiti, ba na wani mutum ba.

Kafin duk wannan ma, an ga ƙwararre a Shika, ko asibitin Malam Aminu Kano, ko Katsina? Ana dashen ƙoda a Kano tun 2002. Aikin yoyon fitsari kuwa, asibitin Babbar Ruga da ke Katsina shi ne ake zuwa daga wasu ƙasashe. Wani ciwon an fi iya shi a waje, ba musu. Wani kuma, in ya kai wani mataki, ko ina aka je amsa ɗaya ce, kuma likitan gaskiya zai faɗa muku tun kafin ku bar marayu ba gona. Ku kuma tambaya: in mun dawo, wa zai ci gaba da duba shi? Wanda aka yi wa dashen ƙoda zai sha magani har ƙarshen rayuwarsa. An sa wannan a lissafi?

Na biyar: kada ka sa hannu a kan abin da ba ka ji ba.

Haƙƙinka ne a fassara maka, kuma tafintan ya zama wanda ba ya cin riba da amsarka. A 2023 wata kotu a Landan ta ɗaure tsohon mataimakin shugaban majalisar dattawa, Ike Ekweremadu, saboda an kai wani matashi mai talla daga Legas zuwa can don a cire masa ƙoda. Abin da ya fara tsayar da aikin shi ne likita ya zauna da yaron ya gane bai fahimci abin da za a yi masa ba. Matasanmu masu neman fita ko ta halin ƙaƙa, ku riƙe wannan. Iyaye mata kuma, kunya ba ta da wuri a gaban likita. In ba za ki iya faɗin ciwonki ta bakin namiji ba, ki nemi mace ta fassara miki, amma ki faɗa duka.

Na shida: magani da takardun jinya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2017, a ƙasashe irin namu magani 1 cikin 10 ko dai jabu ne ko bai kai inganci ba. A 2022 yara kusan 70 suka mutu a Gambiya bayan shan wani maganin tari da aka shigo da shi. Ka sayi magani a kantin da ke da lasisi, ba a faranti ko bayan keke ba. Mai hawan jini ko ciwon suga ya sa likitansa na gida ya rubuta masa ainihin sunan maganin da adadinsa, domin sunan kamfani yana canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa. Ya tafi da takardar likita tare da maganin, kuma kada ya karɓi saƙon magani na kowa. Tiramadol da ake sayarwa a nan kamar gyaɗa yana kai mutum kurkuku a Saudiyya da Masar. Katin rigakafin shawara, da sakamakon gwaji, da takardar sallama, a ɗauki hotonsu a waya, a tura wa wani a gida.

Na bakwai, roƙo ne ga masu masaukinmu.

'Yan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da ke zaune a gari ɗaya a waje sukan haɗa kuɗi in an yi rasuwa. Me zai hana su haɗa tun kafin nan? Ɗan abin da kowa zai ajiye duk wata, a hannun mutum biyu amintattu, da littafi, shi ne zai sa a kai mutum asibiti ranar farko maimakon rana ta biyar. Ku matasa da kuka shirya wannan taro, ku tattara daga waɗanda suka dawo: sunan gari, asibitin da suka gwada, abin da suka biya, yadda aka karɓe su. A ajiye a wurinku, mai tafiya ya zo ya duba kafin ya hau mota. Malamanmu kuma su sa wannan a cikin bitar alhazai.

Abokan aikina, mu ma muna da baƙi. Bafulatanin da ba ya jin Hausa sosai, da mutumin Nijar da ya zo kasuwa ciwo ya kama shi, da wadda ta gudo daga ƙauyenta ba ta san kowa a gari ba. Mu yi musu bayani a hankali, mu gaya musu farashi na gaskiya, mu nuna musu ƙofar da za su bi.

 Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na waje, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Yanzu fili naku ne. Mai tambaya ya ɗaga hannu, kuma ina so mu fara da iyayenmu mata da waɗanda suka taɓa yin jinya a wata ƙasa.